Tabarau na masu wasa a fili: wanne za ka saya?

Wata safiya ina kan keke, wata tifa ta wuce ni, tayarta ta harbo tsakuwa ta daki tabarauna daidai saitin idon dama. Na tsaya na cire na duba, ga ɗan tabo kamar na ƙusa, amma bai fashe ba. Da a ce na kwalba ne, Allah kaɗai ya san abin da zai shiga idon. Tun daga ranar, in abokin tsere ya tambaye ni wanda zai saya, ba na fara masa da launi ko sunan kamfani.

Abin da mutane suka fi ruɗuwa da shi shi ne duhu. Baƙin gilashi ba shi ne kariya ba. Abin da ke cutar da ido wani haske ne da ba a ganinsa, wanda ake kira UV, kuma yawan shansa na cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido, da wannan naman da ke tsirowa a farin ido yana rarrafowa wajen baƙin, musamman idan ƙura da iska sun haɗu masa. Tabarau mai duhu marar kariya ya fi rashinsa illa, don a cikin duhu ƙwayar ido buɗewa take yi, hasken ya samu ƙofa. Saboda haka nemi alamar UV400, wadda ke nuna tabarau yana tare wannan hasken. Sai dai rubutu ba wuyar bugawa gare shi ba, na hannun masu talla ma duk suna ɗauke da shi. In ka saya, kai shi shagon masu yanka gilashin ido, da yawansu suna da na'urar aunawa, aikin minti ɗaya ne.

Shi duhun kuma mataki-mataki ne, daga 0 zuwa 4, ana rubuta lambar a cikin hannun tabarau. Lamba 3 tana barin kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na haske ya wuce, ita ce daidai da ranarmu. Lamba 2 ta safe da yamma ce. Lamba 4 ta masu hawan duwatsu masu ƙanƙara ce da masu ratsa sahara, ba a yarda a yi tuƙi da ita ba. Wanda ke gudu ko keke a Jos ko Mambila kada sanyin garin ya yaudare shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk hawan mita 1,000 ƙarfin UV na ƙaruwa da kusan kashi 10.

Sai abin da aka yi idon tabarau da shi, kuma nan ne nake da tsauri. Na kwalba ya fi tsabtar gani, ba ya saurin karcewa, amma yana da nauyi kuma in ya fashe tarwatsewa yake. Folikabonet, wata roba ce mai tauri, ba nauyi, tana shanye duka. Ɗan folo da ƙwallo ke tahowa kansa da gudu, mai sukuwa, mai keke, duk wannan ne nasu, babu zaɓi na biyu. Aibinsa ɗaya: yana karcewa. A lokacin hunturu in ka goge shi da gefen riga yana da ƙura, kamar ka goga masa yashi ne. Zuba masa ruwa tukuna, sannan ka sa ƙyalle mai laushi.

Wanda aka rubuta wa Polarized yana kashe ƙyallin da ke tasowa daga ruwa ko kwalta. Ga mai kamun kifi ko tuƙa kwalekwale babu kamarsa, har abin da ke ƙarƙashin ruwa yake nuna maka. Amma ni ba na hawa keke da shi, domin yana dusashe fuskar waya da agogon auna gudu, kuma wani lokaci ƙyallin nan ne ke gaya maka cewa gabanka akwai ruwa ko man da ya zube a titi. Gane na gaske ba wuya: kunna wayarka, kalle ta ta cikinsa kana juya shi a hankali, in fuskar ta yi duhu a wata kusurwa, to shi ne.

Akwai kuma mai rikiɗa, wanda ke yin duhu a rana ya washe a inuwa. Yana da daɗi ga mai fita da asuba ya dawo da hantsi. Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne zafi na hana shi yin duhu sosai, a sanyi ya fi aiki. Ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri za ta iya barin ka kana ƙanƙance ido da shi a fuska.

Launi kuwa, ruwan toka ba ya canza kamannin abubuwa, ruwan ƙasa yana fito da ramuka da tudun hanya, rawaya na hazo ne da duku-duku.

Ragowar a jikinka za ka gwada. Ɗauki mai lanƙwasa da ke rufe gefen ido, don ta nan ƙura da hasken gefe suke shigowa. Ya kasance da roba a karan hanci da bayan kunne saboda gumi, firam ɗin kuma ba na ƙarfe ba. Saka shi a cikin shagon, sunkuya, girgiza kai, yi ɗan tsalle. In kana sa hular kwano, tafi da ita ka haɗa su ka gani ko hannun tabarau zai matse maka kai.

Wanda kuɗinsa na guda ɗaya ne, ni ga abin da nake ce masa: folikabonet mai lanƙwasa, ruwan ƙasa, lamba 3, UV400 da aka auna a gabansa. Mai gilashin magani kuma ya fara zuwa wajen likitan ido, ana iya yanka masa irin wannan da lambarsa.