Shagon tsofaffin hotuna a Jos

Wani ɗan shago ne lafe a lungu kusa da Taminus. Firam na je sa wa hoton Baba, sai ga ni na shafe awa biyu.

Dattijon mai shagon ya zaro min hoton Kano daga saman Dala, irin wanda aka buga bayan zuwan Bature Barth a 1851. Ya ce na gani ne kawai. Kuɗinsa ma ya fi ƙarfina.

Na koma kan hoton ruwan Nayagara, wanda ke tsakanin Amurka da Kanada. Baƙi aka buga shi, daga baya wani ya bi da burushi ya shafa launi, har shuɗin ya ɗan tsallake layin dutse. "Shafa gefen nan, ɗana," in ji shi. Na ji shatar farantin ƙarfen da ya danne takardar. Ya ba ni gilashin ƙara girma: na zamani ɗigo-ɗigo ne, wannan kuwa zirin layi.

Abin da ya ɓata min rai, wasu ya jingine su a taga, rana na cinye launinsu. Ragi kuma sai ka yi gumi.

Na tambayi hoton ruwan Assop na nan Filato. Dariya ya yi.