Bayan mota na rawa a gudu: yadda wani gareji a Suame Magazine ke gano ciwon

Motar da aka sauke ta ƙasa, aka sa mata faffaɗan rim, cikin gari lafiya lau take tafiya. Daga Aboabo zuwa Kejetia a cikin Kumasi ba abin da za ka ji. Sai an hau hanyar Accra allura ta doshi kilomita 90 a awa, bayan motar ya fara wutsil-wutsil kamar ana tura shi ta gefe, direba na ta gyara sitiyari ba dalili. Akwai wani gareji a cikin Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, da ke karɓar irin waɗannan motoci, galibi BMW E46 da Nissan 350Z. Aikinsa ya cancanci a yi bayaninsa, da inda ya yi kyau da inda ya gaza.

Abin da ya raba su da sauran masu alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, shi ne ba sa gaggawar ɗora mota kan na'ura. Masta zai fara da tambaya: "Alhaji, in ka saki totur take kaucewa, ko bayan ta faɗa rami?" Tambayar ba ta cika baki ba ce. In mota na tafiya a 80, ka saki totur ta karkata gefe, ka taka ta dawo, to bushin ne, robar da ke mahaɗin ƙarafan da ke riƙe taya, ya mutu, tayar baya na juyawa da kanta. In bayan rami ne take ci gaba da lilo sau biyu ko uku, shok ne. In kuwa tana bin kwarin da manyan motoci suka yi a kwalta, a tuhumi faɗin taya da yawan kamba, wato jinginar saman taya zuwa ciki. Suna fita gwaji da mai motar, amma ba sa wuce ƙa'ida. Ko a babban titin Accra zuwa Tema doka 100 ta ce, kuma ciwon da zai kashe mutum a 160 yana nuna kansa tun a 80 ga mai kunne.

Daga nan sai taya. Ana auna iska tayar na sanyi, a duba ko na baya biyun iri ɗaya ne. Nan ake yawan kama laifi: hagu wani kamfani, dama wani, dukansu hom-yus, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, gefen ɗaya ya fi na ɗayan laushi. Ana karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikin tayar. In ka ga 2316, an yi tayar a sati na 23 na 2016, ko zanenta bai cinye ba robar ta bushe. Taya mai kibiyar da ke nuna inda za ta juya kuma, mai faci kan ɗaura ta a juye. Sifesa ma, farantin da ake sawa bayan rim don tura taya waje, ana cire ta a duba. Rim ɗin E46 yana zama ne a kan leɓen hob mai faɗin milimita 72.6, sifesar da ba ta da wannan leɓe tana barin kusoshi kaɗai su riƙe rim a tsakiya. Da maɗaurin awo suke ɗaure kusoshin taya a 120 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, ba yaro ya hau kan bututu yana tsalle ba.

Inda suka fi burgewa shi ne ƙarƙashin mota. A E46 akwai dogon hannu da ke riƙe tayar baya, gabansa yana zaune cikin bushin ɗin roba a gaban tayar. Da ido ba a ganin mutuwarsa, don yana ɓoye cikin mariƙinsa. Sai an sa liba an banƙara, wani ya dafa tayar. In gaban tayar ya motsa ciki da waje, an gama magana. Wannan ɗan motsi da bai kai kaurin sisi ba, a gudu shi ne sitiyari na biyu da ba a hannunka yake ba. Shawararsu a nan daidai take: a sa na roba mai kyau da zoben da ke taƙaita motsinsa, a bar jan bushin mai tauri da samari ke so. Hannun yana buƙatar lanƙwasa ta fuska fiye da ɗaya, mai taurin yana cije shi. Kuma ba sa ɗaure kusoshin bushin mota na rataye, sai ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni.

Suna kuma haska tocila inda sabfirem, ƙarfen da ke ɗauke da kayan tayoyin baya, ya kama jikin mota. E46 ta yi suna wajen tsagewar ƙarfe a wuraren nan huɗu. In an ga tsaga, alaimen ɓarnar kuɗi ne. Sai an sauke sabfirem an yi walda da faranti, aikin da su ba sa yi, suna tura ka wajen mai walda a layin.

Sai yanzu na'ura. Tanki cike, nauyi a kujera. BMW ta ce kilo 68 a kowace kujerar gaba, 68 a baya, 21 a but. Buhun yashi suke sawa, in ya kasa a kira ɗan koyo ya zauna shiru. Tayoyin baya dole gabansu ya ɗan tsuke, jimilla kamar milimita 2 zuwa 3, a raba daidai hagu da dama. Da zarar sun buɗe waje, ko kaɗan ne, mota ba za ta natsu ba. Sauke mota yana ƙara kamba har ƙusar saitin asali ta kasa dawo da shi, sai an sayi hannu mai saiti. Za su faɗa maka haka, ba za su ɓoye jan lamba a allo ba.

Gazawarsu a shok take. Ba su da na'urar gwada shi, danna but suke yi da hannu. A motar da aka sa wa sifirin mai tauri wannan gwaji ba ya nuna komai, ko shok ya mutu murus ba za ta yi lilo ba. Ka ce a cire shi a matsa da hannu, a duba yoyon mai, a kuma auna tazarar da ta rage kafin robar da ke tsayar da shok in ya nutse. Motar da aka yanke wa sifirin sau da yawa a kan wannan roba take tafiya, ramin farko bayan motar ya yi tsalle. Sun kuma cika saurin kawo shok hom-yus ƙwaya ɗaya, alhali biyu ake canzawa tare.

Maganar iska ma ba su damu da ita ba. Wanda ya sa leɓe a bamban gaba ya cire fiffiken but ya danne gaba ya bar baya a sake, kuma ƙarfin iska ninkuwa yake: daga 80 zuwa 160 sau huɗu ne. Haka tabilaizan baya, sandar da ke rage tangaɗi, in ya yi kauri fiye da kima shi ma yana sa bayan motar ya sake.

Ka ware yini guda, ka je da safe kafin layi. Kuɗinsu ya fi na bakin titi, kuma takardar awon kafin gyara da bayansa ba sa bayarwa sai ka nema.