Lalle ko komawa aji? Amsa ga Hajiyarmu ta Gadarif

Hajiya, kin ce kun baro Wad Madani, babban birnin jihar Jazira a Sudan, tun Disambar 2023 da garin ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati, 'yarki mai shekara 15 ta daɗe ba ta shiga aji ba, yanzu kina tunanin ko ki kai ta wajen mai lalle ta koyi sana'a, ko ki mayar da ita makaranta.

Lalle kuɗinsa a hannu yake. Yarinya mai hannu mai kyau, cikin 'yan watanni za ta fara zana wa ƙawayen amarya, kuma a Sudan ba a biki sai da hannana, wato mai lalle. Jarinsa kaɗan ne. Ban raina shi ba ko kaɗan, domin da kuɗin sayar da abinci irin su godogodo da kisra iyayenmu mata suka riƙe gidaje da yawa. Sai dai kasuwarsa tana bin aljihun mutane: in gari ya yi zafi, biki ya ragu, mai lalle ta zauna. Ga zaman dare a gidan biki, wanda ni ba na so wa yarinya mai waɗannan shekarun.

Makaranta kuwa ci take yi kafin ta bayar. Littafi, kayan makaranta, kuɗin mota, ga shi za ta zauna da ƙannenta a aji, abin da zai yi mata ciwo a makon farko. Amma lalle ko tana da 'ya'ya uku za ta iya koya, shi kuwa aji ba ya jira. In ta ƙara shekara biyu a gida, masu neman aure za su fara sallama, maganar Shahada Sudaniyya, wato takardar kammala sakandare, kuma ta mutu ke nan. Kuma wannan takardar ce ƙofar jami'a, ko aikin jinya, ko koyarwa. Kin san yadda matanmu Hausawa a garin Maiurno da ƙauyukan Jazira suke jin nauyin likita namiji. 'Yarki tana iya zama wadda za su yi wa bayani da Hausa ba kunya.

Kada wani ya ce miki karatun mata baƙon abu ne a nan. A Rufa'a, cikin Jazirar da kuka baro, Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a 1907, ya fara da 'ya'yansa da na maƙwabta. Daga zuriyarsa aka samu Jami'ar Ahfad ta mata a Omdurman. Ko cikin waɗanda yaƙi ya hana su jarrabawar Shahada ta 2023, da yawa sun zauna sun fara rubuta ta a ƙarshen Disambar 2024.

Da 'yata ce, gobe da safe zan kama hannunta mu je wajen shugabar makarantar da ke kusa, in faɗa mata ajin da ta tsaya a Madani. Lallen kuma ta koya ranar Juma'a da Asabar wajen matar da kika yarda da tarbiyyarta, ta dawo gida kafin magariba.