Zawon ɗan barewa maraya: na madara ne ko na cuta?

Ɗan'uwa, ka ce ɗan barewar da uwarsa ta mutu ya fara zawo bayan ka soma ba shi madara, kana tambaya ko maganin kashe ƙwayoyin cuta za ka nema ko ruwan gishiri da sukari. Sai ka fara gane wane irin zawo ne, domin iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba.

Zawon madara shi ya fi yawa. Kashin yakan zo fari ko ruwan ɗorawa, da ɗan kauri, amma ɗan barewar yana miƙewa, yana neman kwalba da ƙarfinsa. Nonon barewa ya fi na saniya maiƙo da gina jiki nesa ba kusa ba, shi ya sa madarar saniya, ko cika masa ciki lokaci guda, ko sauya madara kwatsam, ke ɓata masa ciki. Madarar akuya ta fi dacewa. A rage yawanta, a ƙara yawan lokutan shayarwa, a ba shi da ɗumi yana tsaye, wuyansa a miƙe kamar yana tsotson uwa. In an ɗura masa yana kwance, madarar takan faɗa tumbin da bai fara aiki ba, ta yi tsami, ciki ya kumbura. Maganin kashe ƙwayoyin cuta a nan ɓarna ce kawai.

Zawon cuta kuwa ruwa-ruwa ne mai wari, wani lokaci da jini ko majina. Kunnuwa su faɗi, ido ya zurma, ya ƙi kwalba. Ka ɗan jawo fatar wuyansa ka saki. In ta tsaya ba ta koma ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa sosai. Ƙwayar cutar E. coli kan kama jariran barewa a kwanakin farko, musamman wanda bai sha dakashi ba cikin awa 24 na haihuwa. Koksidiya, wata ƙwayar cutar hanji, sai bayan kimanin mako 3. Akwai kuma ƙwayar cutar kiriptosporidiyam, wadda har mutum take kamawa, don haka ka riƙa wanke hannu sosai. Wannan aikin likitan dabbobi ne, ya duba kashin kafin a zaɓi magani, kuma kada a kwana.

Ruwan gishirin yana amfani a duka biyun, amma ba da sukarin shayi ba: jariran masu tuƙa ba sa narkar da shi, zawon ma ƙaruwa yake. Ka nemi garin ruwan gishiri na ƙunshi mai gulukos, wato irin sukarin da cikinsa ke iya ɗauka, ka ba shi tsakanin lokutan madara, ba a gauraye ba. In jikinsa ya yi sanyi, ka ɗumama shi tukuna kafin komai ya shiga bakinsa.