Lambobin yaƙin teku na Ingila: wacce ta cancanci kuɗinka?

Mai son sayen lambar tunawa da yaƙin teku ya fara tambayar wa ya bayar da ita, domin a nan farashi yake rabuwa.

Akwai wadda attajiri ya buga da kuɗinsa. Bayan yaƙin Nilu na 1798, Alexander Davison ya raba wa mutanen Nelson, kwamandan rundunar ruwan Ingila a yaƙin, lamba gwargwadon muƙami: zinariya ga kyaftin-kyaftin, azurfa ga hafsoshi, tagulla mai ruwan zinariya ga ƙananan hafsoshi, tagulla zalla ga sauran. Ta tagullar ce ta fi yawa a gwanjo, kuma da ita ya kamata sabon shiga ya fara. Sunan Davison yana rubuce a kewayen bakinta. Ta wani attajirin kuwa, Matthew Boulton, ta yaƙin Trafalgar na 1805, ta farin ƙarfe ce aka ba matuƙa, mai saurin lotsewa da yin baƙin tabo, ga shi an sake buga ta daga baya.

Mai tsadar ita ce ta gwamnati, Naval General Service Medal: azurfa, faɗin milimita 36, ribin fari mai shuɗin gefe. Sai a 1847 aka amince da ita, kuma tsofaffin mayaƙan da suke raye a lokacin kaɗai suka samu. Sunan mai ita yana bakinta, sunan yaƙin yana kan maƙalin da ke bisa ribin. A nan 'yan damfara suke cin kasuwa. Sai su samo mai maƙalin Siriya na 1840, wanda ya fi kowanne yawa, su cire shi su ɗora na Trafalgar, musamman idan sunan irin gama-garin nan ne da ya fito sau da yawa a rajistar waɗanda aka ba lambar. Sa gilashi mai ƙara girma sau goma ka duba ƙusoshin maƙalin, ko da alamar sabon liƙi. Haruffan asali bugawa aka yi da inji. Idan sassaƙa su aka yi, ko awo ya nuna faɗin ya gaza 36, an goge wani sunan ne. Kada ka biya sai suna, muƙami da jirgi sun dace da rajista.

Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi ta yaƙin Jutland na 1916, wadda kamfanin Spink ya sayar don tallafa wa marayun sojan ruwa. Ba a ba kowa ita don jarumta ba, shi ya sa take da araha.

Waɗannan duka bugu ne da inji, ba zubin narkakken ƙarfe ba. Ka ga siririn layi ya zagaye baki, ko ƙananan ramuka a fuska, ko igiyoyin jiragen sun dusashe kamar an shafe su da yatsa, to jabu ce. Wadda aka goge da man goge ƙarfe ma darajarta ta faɗi, komai ƙyallinta, sai ka rage tayi.