Man cidofovir: wata uku ina shafawa a fuska

Wata goma sha ɗaya da yi mini dashen ƙoda a Indiya, sai wasu ƙananan ƙuraje suka feso mini a hanci. Kowanne da ɗan farin tsini a kansa, in na shafa yatsa sai in ji kamar ƙarangiya. Daga nan suka haura goshi da kunnuwa, gashin gira ya zube. Ni ina cewa zafi ne, uwargida ta ce, "Alhaji, zafi ba ya cin gira, a koma asibiti."

Likitan fata ya yanki 'yar fata ya aika gwaji, sakamako ya fito da suna mai karya harshe: trichodysplasia spinulosa. Wani bairos ne ke kawo ta, wanda masu bincike a Leiden ta ƙasar Holan suka gano a 2010. Mutane da yawa na ɗauke da shi tun yarinta lafiya lau. Mu da ake danne wa garkuwar jiki da magungunan tacrolimus da mycophenolate, don kada jiki ya ƙi sabuwar ƙoda, mu yake samu.

Aka rubuta mini man cidofovir mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. Ba a sayar da shi a kemis haka nan. Ruwan allura ne, mai haɗa magunguna ke kwaɓa shi da man shafawa. Da na ji cewa allurar kanta tana taɓa ƙoda, gabana ya faɗi. Ƙodar ƙanena ce fa a jikina! Likita ya kwantar mini da hankali cewa shafawa daban, allura daban, amma duk da haka ya riƙa auna jinina.

Safe da dare nake shafawa. Makon farko ban ji daɗinsa ba, raɗaɗi da ja, har ruwan alwala sai na ciji leɓe. A mako na uku na fara ganin tsinin nan yana zubewa a tawul kamar dusa. Yanzu hanci ya yi sumul, gira ta fara tsirowa, kunnuwa ne dai da saura.

Ba zan ba man nan yabon duka ba, don a lokacin likitan ƙoda ya rage mini mycophenolate. Kuma tsadar man ta isa: ɗan kwalbar da bai kai na Robb biyu ba, sai da na jira mako uku kafin ya iso, ga shi har ya kusa ƙarewa.