Miƙa da numfashi ko matse-da-saki: wanne ya fi sakin jiki?

Malam, ka ce tun da aka shiga dashen shinkafa a Kadawa ƙugunka ya riƙe, wuyanka ya sanƙare, ruku'u ma da ƙyar kake tasowa, ga tunanin kuɗin taki ya hana ka barci. Ka ji labarin hanyoyi biyu na sakin jiki ba tare da magani ba, kana son sanin wadda ta fi. Allah ya ƙara sauƙi. Dukkansu suna da amfani, sai dai kowacce da wurin da take aiki.

Ta farko ita ce miƙa tare da numfashi a hankali. Ita ce ginshiƙin yoga ta mutanen Indiya, amma abin da muke ɗauka a ciki motsa jiki ne kawai, babu ruwanmu da wata ibada tasu. Ka kwanta rigingine a kan tabarma, ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, ka riƙe. Ko ka zauna ka miƙe ƙafa ɗaya, ka ranƙwafa kaɗan har ka ji bayan cinya yana ja. Masana motsa jiki sun ce a riƙe sakan 10 zuwa 30, dattijo kuma 30 zuwa 60, a maimaita har kowane wuri ya samu kamar minti ɗaya, aƙalla kwana 2 ko 3 a mako. Inda mutane suke ɓata abin shi ne fizga. Tsoka kamar akuya take, in ka fizgi igiya sai ta turje, in ka bi ta sannu sai ta biyo ka. A nan numfashi yake shigowa. Ka shaƙa ta hanci, ka fitar a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, kamar sau 6 a minti. Bugun zuciya zai sauka, jiki ya daina dagewa, sai ka ga a kowace fitarwa ka ɗan ƙara ranƙwafawa. A makonnin farko ba tsokar ce take ƙara tsawo ba, jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa ne suke sabawa da jan har su daina ɗaukarsa haɗari. Shi ya sa wanda ya bari yake komawa gidan jiya.

Ta biyu, wato matse-da-saki, wani likita ne ɗan Amurka, Edmund Jacobson, ya tsara ta a shekarun 1920. Babu miƙa a cikinta. Kana kwance sai ka dunƙule hannu da ƙarfi kamar sakan 5, ka saki, ka saurari yadda wurin ya yi laushi. Daga nan damtse, kafaɗa, fuska, ciki, cinya, har yatsun ƙafa. Manufarta ka koyi bambance jiki a ɗaure da jiki a sake, domin mai damuwa yakan wuni kafaɗunsa a ɗage, haƙoransa a cije, bai ma sani ba.

To, ga inda suka rabu. Riƙewar ƙugu daga aiki take, wunin da kake yi a duƙe cikin ruwa. Wannan miƙa ce maganinta, matse-da-saki ba zai ƙara maka ko taƙi ɗaya na lanƙwasawa ba. Amma wuyan nan da rashin barci, na fi zargin damuwa, don ita ce take sa jiki ya fitar da sinadaran da ke ɗaure tsoka kamar ana shirin gudu. A nan hanyar Jacobson ta fi dacewa, kuma ba ta buƙatar fili ko haske, a kan shimfiɗarka bayan Isha'i ka gama. In dole sai ɗaya za ka ɗauka, ni miƙa da numfashi zan ce, saboda tana taɓa ɓangarorin biyu: miƙar ta saki gaɓa, numfashin ya kwantar da hankali.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Kada ka miƙa jiki da sanyin asuba kana tashi daga barci, musamman lokacin hunturu. Ka bari sai ka taka zuwa masallaci ka dawo, ko da yamma bayan an tashi daga gona jiki na da ɗumi. Ja za ka ji, ba zafi ba. Mai hawan jini kuma kada ya riƙe numfashi yayin matsewa. Tausa da man zafi da ka saba ba laifi, tana ba da sauƙi na ɗan lokaci, sai dai ba ta koya wa jiki komai.

Abu ɗaya nake roƙonka, Malam. In ciwon yana sauka ta ƙafa da dindiris, ko ƙafar ta rasa ƙarfi, ko akwai zazzaɓi, ko fitsari ya fara kufce maka, ka ajiye duk waɗannan ka nufi asibiti a ranar. Asibitin ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano duk suna da sashen gashin ƙashi, kuma daga Kura motar Kano ba ta wuya.